A Bar Sephiroth Ya Nuna Abin da Ya Iya Kafin a Kayar da Shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai albarka domin in yi magana a kan abin da ba a saba gani a shafin wasiƙu ba, wato wasan gem, musamman karon ƙarshe na wasan Final Fantasy VII, wanda kamfanin Square na ƙasar Japan ya fitar a kan na'urar PlayStation ranar 31 ga Janairun 1997, kafin ya isa Amurka a watan Satumba da Turai a watan Nuwamba na wannan shekarar. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, wasan ya dawo hannun matasanmu ta wayar salula da kwamfuta da sababbin na'urori, kuma ina yawan jin waɗanda suka kai ƙarshensa suna cewa bos ɗin ƙarshe, wato babban abokin gaba Sephiroth, ba shi da wani ƙarfi, wai cikin minti biyu suka gama da shi. Ina ganin wannan hukunci bai yi wa wasan adalci ba, domin mafi yawan masu yanke shi ba su kara da Sephiroth ba ko kaɗan, tsallake shi suka yi. Wanda bai buga wasan ba kuma yana da niyya, ya sani cewa zan faɗi yadda labarin ya ƙare.

Ya kamata in fara da bayanin irin wasan, domin yawancin waɗanda suka taso suna zarya a gidajen gem na unguwanninmu ba su taɓa zama a kansa ba, kuma wannan ba abin mamaki ba ne. Mai gidan gem yana cin abincinsa ne da wasan da ake biya a buga a tashi cikin 'yan mintoci, ƙwallon ƙafa ko faɗan mutum biyu, wanda aka ci ya miƙa wa na bayansa. Shi kuwa wannan wasa labari ne mai tsawo da aka raba a kan faifai uku, yana cin awa talatin zuwa arba'in ko fiye da haka, sai mutum ya mallaki memori nasa na kansa da zai riƙa ajiye inda ya tsaya, sai ya iya karanta Turanci gwargwadon da zai gane inda ake tura shi, sannan sai wutar lantarki ta ba shi haɗin kai. Saboda haka a wancan zamani waɗanda suka ga ƙarshen wasan a garuruwanmu ɗaiɗaiku ne, kuma kowannensu ya san abin da ya ci masa. Yau wasan yana cikin aljihu, batirin waya ya raba mu da fargabar ɗaukewar wuta, wannan kuma ci gaba ne da nake murna da shi ƙwarai. Damuwata ita ce, sauƙin da ya zo tare da shi ya fara cinye abin da ya sa wasan ya yi suna tun farko.

A fagen faɗa mutum uku kawai ake shiga da su daga cikin tawagar, kowannensu yana da ma'aunin lokaci da ke cika a hankali, kuma sai ya cika ne zai iya kai sara ko ya yi sihiri ko ya sha magani, alhali shi ma abokin gaba nasa ma'aunin yana cika. Jinin kowane jarumi, wato ma'aunin ransa, ba ya wuce 9,999, bugu ɗaya ma ba ya cire fiye da 9,999, matakin ƙarfi kuma yana tsayawa a 99. Sihiri da sauran dabaru suna zuwa ne daga wasu ƙananan duwatsu masu launi da ake kira materiya, waɗanda ake cusawa a ramukan makami da na abin kariya, kuma yadda aka haɗa biyu a ramuka masu jone shi ke sauya aikinsu, ta yadda dutsen warkarwa da zai yi wa mutum ɗaya aiki sai ya yi wa duka ukun idan aka jona shi da wanda ya dace. Akwai kuma ma'aunin fushi da ke cika duk lokacin da aka bugi jarumi, idan ya cika sai ya saki wani mummunan bugu da ya keɓanta da shi. Wanda ya fahimci wannan ya san cewa shawara ake gwadawa a nan: wa zai kai hari, wa zai yi jinya, wa kuma zai tsaya yana jira.

Labarin ya fara ne a birnin Midgar, inda kamfanin Shinra yake tatsar wani makamashi mai suna Mako daga cikin ƙasa yana mayar da shi wutar lantarki, alhali wannan makamashi shi ne ruhin duniyar da kanta. Jarumin wasan, Cloud Strife, sojan haya ne da ya shiga ƙungiyar Avalanche mai yaƙi da kamfanin, amma kafin a yi nisa sai labarin ya juya ya zama farautar Sephiroth, tsohon babban sojan Shinra wanda ya ƙone garin Nibelheim, mahaifar Cloud da abokiyar tafiyarsa Tifa, shekara biyar kafin farkon wasan. Shi ne ya kashe Aerith, wata budurwa 'yar tawagar, a ƙarshen faifai na farko, bayan mai wasa ya saba da ita, ya dogara da ita wajen jinyar tawaga, kuma babu wani magani a wasan da zai dawo da ita. Shi ne ya juya tunanin Cloud har ya miƙa masa baƙar materiya da hannunsa, Sephiroth kuma ya yi amfani da ita ya kira wani ƙaton dutse daga sararin samaniya mai suna Meteor domin ya yi wa duniya babban rauni, ruhinta ya taru a wurin raunin, shi kuma ya shanye shi ya ɗaukaka kansa sama da kowace halitta. Ga iyayen da hankalinsu zai tashi da jin wannan, ina tabbatar musu cewa wasan bai yabi wannan buri ba, ya nuna shi ne a matsayin girman kai da ɗagawa da ke kai mai su ga halaka. Abin lura dai shi ne, kafin mai wasa ya isa gaban Sephiroth ya daɗe yana bin sa bashi, kuma bashi irin wannan bai kamata a karɓe shi ido a rufe ba.

Wurin karon wani makeken rami ne a can ƙarshen arewacin duniyar wasan, kuma tun daga bakinsa ake gane cewa masu ƙirƙirar wasan sun so a yi tunani. Babu wurin ajiye wasa a cikinsa sai guda ɗaya tak, wanda mai wasa ne da kansa zai zaɓi inda zai kafa shi da wani dutse da ake samu a akwati kusa da mashiga, kuma sau ɗaya ake amfani da shi. Mai gaggawa yakan kafa shi tun a sama, sai ya zama duk lokacin da aka kashe shi a ƙasa dole ya sake sauko da dukan tafiyar. Mai haƙuri yakan riƙe shi har can gindi, inda hanyoyin da tawagar ta rarrabu a kansu suka sake haɗuwa, abokan tafiya kuma suka miƙo masa kayan da suka tsinto. Daga nan idan ya sauka babu komawa kuma babu ajiya, manyan faɗace-faɗace uku ne a jere, kuma wanda ya buga wannan a kan tsohuwar na'ura da wutar gida ya san cewa a wannan zangon zuciya ba ta kwanciya.

Na farko shi ne da Jenova, wata halitta daga sararin samaniya da Sephiroth yake ɗauka uwarsa ce, a siffarta ta ƙarshe, mai jini 60,000 da hannuwa biyu masu kai duka. Ba ta da wuya sosai, amma idan jininta ya yi ƙasa sosai takan fara ƙidaya, idan ƙidayar ta ƙare kuma ta saki sihirin Ultima a kan kowa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a wannan faɗa wasan yana lura da mai wasa. Yana duba tsawon lokacin da ya ɗauka, da matakin ƙarfin 'yan tawagarsa, da ko ya samo Yuffie da Vincent, 'yan tawaga biyu da ba dole ba ne a same su, sai ya yanke ko da rukuni ɗaya ko biyu ko uku za a shiga faɗa na biyu. Faɗa na biyun shi ne da Bizarro Sephiroth, wani ƙaton jiki mai sassa biyar, kai da gangar jiki da tsakiya da fukafukan sihiri na dama da hagu. Wanda ya yi ta saran gangar jikin ɓata lokaci yake yi, domin tsakiyar tana mayar mata da jini, ita kuma tsakiyar ba ta jin bugu sai an kashe sassan sihirin da ke kare ta. Idan da rukuni uku aka shiga, duk wanda aka yi watsi da shi a tafiyar, aka bar shi ba makami mai kyau ba materiya, a nan ne rashin kula da shi yake fitowa fili. Kuma da zarar wannan jiki ya faɗi sai a wuce faɗa na uku kai tsaye, babu damar buɗe jaka a sake shiri, shi ya sa masu dabara sukan cika jininsu da ƙarfin sihirinsu kafin su kai bugun ƙarshe.

Siffa ta uku, wadda ake kira Safer Sephiroth, ita ce ainihin bos ɗin. Yana shawagi cikin gajimare da fukafukai a maimakon ƙafafu da baƙin fiffike guda a maimakon hannun dama, a bayansa kuma ana rera waƙa da muryoyin mutane cikin harshen Latin, abin da ba a saba ji a wasan gem ba a wancan lokaci. Asalin jininsa 80,000 ne, amma ba a nan yake tsayawa ba. Duk jarumin da ya kai mataki na 99 yana ƙara masa 30,000, idan kuma aka yi amfani da wani sihiri mai tsananin ƙarfi da ake kira Knights of the Round a kan Jenova sai a ƙara masa wasu 80,000, ta yadda wanda ya zo da duka mutum takwas na tawagar a mataki na 99 kuma ya yi wannan sihiri zai tarar da bos mai jini 400,000. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna nufin masu wasan. Sun san wasu za su zo da ƙarfi fiye da kima, sai suka yi ƙoƙarin ɗaga Sephiroth ya yi daidai da su, domin suna so a yi faɗan, a ga abin da suka shirya.

Abin da suka shirya kuwa tsari ne mai zagayowa, wanda duk mai natsuwa zai iya karanta shi. Yakan fara da gina wa kansa katangar kariya da ke rage rabin illar sara da sihiri, a wani zagayen kuma ya rushe kariyar da mai wasa ya yi wa mutanensa. Sai ya jefi mutum ɗaya da Shadow Flare, wanda kan iya kashe mai ƙaramin jini nan take, ko ya bugi kowa da wani hari na daban, sannan ya kai duka da fiffikensa. Daga nan sai ya tashi sama, inda takobin Cloud da naushin Tifa ba sa kai masa, sai sihiri ko makami mai cin nisa irin bindigar Barret, wani ɗan tawagar, ko ta Vincent ko abin jifan Yuffie. Tashinsa sama alama ce ta cewa masifa na tafe: zai fara da Pale Horse, wanda ke mayar da mutum kwaɗo ya kuma ƙanƙantar da shi, sai Super Nova ya biyo baya, sai kuma Break mai iya mayar da mutum dutse, kafin ya sauko a sake sabon zagaye. Idan jininsa ya yi ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu, sai ya maye gurbin Break da Heartless Angel, wanda ke mayar da jinin kowa zuwa 1. Wato a daidai lokacin da mai wasa ya fara hango nasara ne haɗarin ya fi tsananta.

Ina so in ɗan tsaya a kan Super Nova, domin shi ne aka fi tunawa kuma shi ne aka fi fahimta a karkace. A fitowar ƙasashen waje an tsawaita shi ya kai kusan minti biyu, ana nuna wani tauraro yana ratsa sararin samaniya yana farfasa duniyoyi har ya faɗa cikin rana, rana ta kumbura ta haɗiye abin da ke kusa da ita ta iso ga jaruman. Wanda ya gan shi karo na farko zai ɗauka an gama da shi. Gaskiyar magana kuwa wannan hari ba ya kisa, yana cire kashi 15 cikin 16 na jinin da mutum yake da shi a lokacin, ta yadda mai 9,999 zai tashi da kimanin 625, sannan yana iya ruɗa mutum ko ya ɗaure masa baki ya kasa sihiri ko ya rage masa sauri. Abin da ke kisa shi ne bugun da ke biye da shi. Saboda haka dabarar ita ce, da zarar Sephiroth ya tashi sama a bar mutum ɗaya da cikakken ma'aunin lokaci ba tare da ya yi komai ba, yana riƙe da maganin Megalixir mai cika jini da ƙarfin sihirin kowa, domin ya sha shi da zarar hoton ya ƙare. Wanda ya dogara da White Wind a nan zai sha mamaki, domin wannan sihiri yana warkarwa ne daidai da jinin wanda ya yi shi, shi kuma a wannan lokaci jininsa ya kusa ƙarewa. Wannan riƙe hannu, wato ka ga damar kai sara ka ƙi kaiwa saboda abin da ka san yana zuwa, shi ne daɗin faɗan gaba ɗaya, kuma wanda ya gama cikin minti biyu bai ɗanɗana shi ba.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a ganina wannan ne sirrin karon. Kusan kowane hari na Sephiroth yana da makarinsa, amma babu ko ɗaya da ake sayarwa a bakin ramin, an warwatsa su ne a tsawon wasan domin mai lura ya tsinta. Abin ɗaurawa mai suna Ribbon, wanda ke hana kwaɗo da ƙanƙancewa da ruɗewa da ɗaurin baki, akwai ɗaya a wani tsohon haikali mai suna Temple of the Ancients da ke ɓacewa bayan an fita daga cikinsa, wanda bai ɗauka ba a lokacin ya rasa wannan har abada, akwai kuma wani a ɓoye a tsaunin ƙanƙara na Gaea. Sihirin Big Guard, wanda ke ba duka ukun kariya daga sara da sihiri tare da ƙarin sauri a bugu ɗaya, ana koyonsa ne daga wata ƙaramar halitta a bakin teku kusa da Costa del Sol, kuma sai an mallaki tunaninta an tilasta mata ta yi shi a kan tawagar, abin da ba wanda zai gaya wa mai wasa sai ya gwada. White Wind ma haka ake samunsa daga wani tsuntsu a yankin Junon. Wanda ya fi burge ni shi ne materiyar Destruct, mai rushe katangar da Sephiroth yake ginawa, domin shi Sephiroth ɗin ne da kansa ya jefi Cloud da ita a ƙarƙashin gidan Shinra da ke Nibelheim tun a faifai na farko. Mai wasan da ya ɗauke ta ya raine ta har ta girma, da makamin abokin gabansa zai buɗe shi. Idan aka haɗa waɗannan duka sai a ga cewa faɗan ƙarshe hisabi ne a kan yadda mutum ya yi tafiyar, ko ya tsaya ya duba ko ya bi ta kan komai a guje.

To, daga ina maganar minti biyu ta fito? Daga Knights of the Round ta fito. Wannan sihirin kira ne da ke fito da mayaƙa goma sha uku, kowanne ya kai bugunsa, kuma tun da kowane bugu yana iya kaiwa 9,999, jimillarsu tana iya kusantar 130,000, wato fiye da asalin jinin Sephiroth. Ba na raina wahalar samunsa. Yana wani tsibiri ne a arewa maso gabas da jirgin sama ba ya iya sauka, sai da tsuntsun hawa na chocobo mai ruwan zinariya, shi kuma sai an kamo tsuntsaye an ciyar da su an kai su tsere a wurin wasanni na Gold Saucer, an haɗa shuɗi da kore an sami baƙi, an haɗa baƙin da wani na musamman da ƙwayar Zeio, aikin da ke cin awoyi masu yawa. Wanda ya yi wannan ya cancanci ladansa. Amma kawo shi gaban Sephiroth kamar shiga filin dambe ne da bindiga: za ka kayar da abokin karawarka, sai dai ba ka da bakin cewa ba shi da ƙarfi. Masu wasan sun tanadi inda wannan makami zai yi amfani, domin a fitowar ƙasashen waje sun ƙara dodanni biyu da ba dole ba ne a yaƙe su, Emerald Weapon mai jini miliyan ɗaya a ƙarƙashin teku da Ruby Weapon mai 800,000 a cikin hamada. Mai neman gwada iyakar ƙarfinsa can ya kamata ya nufa.

Abin da ya fi wannan damuna shi ne maɓallan sauƙaƙawa da aka saka a sababbin fitowar wasan. Fitowar PlayStation 4 ta 2015 da ta Nintendo Switch ta 2019 suna da maɓallin ninka sauri sau uku, da na hana haɗuwa da ƙananan abokan gaba, da wanda ke cika jini da ƙarfin sihiri da ma'aunin fushi ba ƙaƙƙautawa, fitowar waya kuma tana da wanda ke kai ƙarfin kowa ƙololuwa lokaci ɗaya. Na san akwai magidanta da ɗalibai da ba su da awa arba'in na zubarwa, kuma ban ga laifin wanda ya ninka sauri domin ya ratsa dogon daji ko ya rage zaman kiwon tsuntsaye ba. Lokacin mutum yana da daraja, salla da karatu da neman abinci kuma suna gaba da kowane wasa. Roƙona kawai shi ne, wanda ya iso bakin ramin nan ya kashe waɗannan maɓallai. Idan aka kayar da shi ya sake shiri ya dawo, ya sauya mutanensa, ya sake jera materiyarsa, domin a wannan sake shirin ne yake koyon abin da wasan ya yi awa arba'in yana ƙoƙarin koya masa.

Wannan ba sabon abu ba ne a wasannin labari na Japan, an daɗe ana mayar da karon ƙarshe gwajin fahimta. A wasan Dragon Quest na 1986, sarkin dodanni yakan yi wa jarumi tayin rabin duniya kafin a fara faɗa, wanda ya amsa kuma ya yi asarar wasansa. A Chrono Trigger na 1995, siffar ƙarshe ta Lavos tana da sassa uku, kuma na tsakiya da ido ya fi kaiwa gare shi ba shi ne ainihin ba, wani ƙarami ne a gefe. A EarthBound, wanda ya fito a Japan a 1994, bugu ba ya gama da Giygas ko yaya ƙarfinsa, sai yarinyar tawagar ta yi ta roƙon taimako har a kai ga nasara. A cikin kowannensu, mai zuwa da ƙarfi kaɗai ba tare da lura ba yakan sha wuya.

Akwai abu na ƙarshe da ke ƙarfafa hujjata. Bayan Safer Sephiroth ya faɗi, wasan yana kai Cloud shi kaɗai gaban Sephiroth a siffarsa ta mutum, takobi da takobi. Wannan karo ba a iya faɗuwa a cikinsa. Ma'aunin fushin Cloud yana cika da kansa, ana ba shi Omnislash, saran nan goma sha biyar a jere, ko da bai taɓa cin sa a filin faɗa na Gold Saucer ba, idan ma mai wasa ya ƙi taɓa komai, Sephiroth zai kai sara Cloud ya rama da kansa a gama. Masu wasan sun ba da wannan kyauta ne domin sun ɗauka an riga an biya kuɗinta a faɗan da ya gabata. Wanda ya sha Super Nova ya tashi da ɗan jini, ya ga Heartless Angel ya mayar da mutanensa 1 ya tsallake da ƙyar, shi ne zai ji nauyin waɗannan sara goma sha biyar, ya tuna Nibelheim da Aerith. Wanda ya danna maɓalli ɗaya ya ajiye waya yana jiran mayaƙa goma sha uku su gama masa aiki, faɗa biyu marasa haɗari ya kalla a jere, don haka ba mamaki ya fito yana cewa bai ga komai ba. Kuma ko bayan wannan nasara labarin bai ce takobin Cloud ya ceci duniya ba, domin sihirin Holy da Aerith ta roƙa kafin rasuwarta ya fito a makare, Meteor ya riga ya kusanto Midgar, sai da ruhin duniyar da kansa ya taso daga ƙasa ya taimaka aka ture shi.

Malam Edita, ina roƙon jaridarku ta riƙa ba irin waɗannan wasanni ɗan fili a shafin fasaha, a yi bayaninsu da Hausa yadda iyaye za su san abin da 'ya'yansu suke bugawa, matasa kuma su sami wanda zai nuna musu dabara a harshensu. Ina kuma kira ga masu karatu da suka kayar da Sephiroth ba tare da Knights of the Round ko maɓallan sauƙaƙawa ba, su rubuto su faɗi mutum ukun da suka shiga da su da yadda suka jera materiyarsu. Ni dai shawarata ga mai shirin sauka ita ce Cloud da Barret da Tifa, a ɗaura Ribbon ga wanda zai riƙe magani, a ba Barret aikin harbi duk lokacin da Sephiroth ya tashi sama, a kuma ajiye Megalixir aƙalla biyar domin wannan faɗa kaɗai.

Wassalam.

Naka mai karanta jaridarku a kullum,
daga Zariya.